Wajen da Kaset Ɗina Ya Lalace

Wani mafarki na yi a daren jiya, kuma ga yadda ya kasance.

Na tsinci kaina a layi da rana tsaka, a ƙofar wani ofishi da ake kira Hukumar Girma. A garin nan ba a barin mutum ya girma sai an saurari kaset ɗin da ya rene shi. Layin da baya yake tafiya, wanda ya makara shi ake fara gani. Ni kuwa na zo da wuri kamar kullum, don haka sai da na shekara biyu a tsaye. Dattijon da ke gabana, furfura fal, kayan firamare ne a jikinsa. Ya ce nasa kaset ɗin ya ɓata tun yana aji uku.

Nawa kore ne, na wani mai garaya, wanda Baba yake sakawa a shagonsa na ɗinki tun safe har la'asar. A ƙarƙashin teburin yankan yadi na koyi karatu, garayar nan tana tashi a kaina. Har yau in na buɗe littafi, da saurin kiɗan nan idona yake bin layi.

Sai ga ni a cikin ofis. Akuya ce a bayan tebur, da tabarau da mayafi, an rubuta Malama Kyalla a gabanta.

"Suna?"

"Lubabatu."

"Ba da ke nake ba." Ta kara kaset ɗin a kunne, ta girgiza shi. "Ya ce Lubabatu. To, bakinku ya zo ɗaya."

Ta zura biro a ramin kaset tana mayar da shi baya. Tana juyawa ina raguwa, har na koma 'yar shekara shida. Ta saka shi a rediyo. Gefen farko lafiya lau, har fankar sama ta sauko ta zauna a benci tana saurare.

A gefe na biyu, tsakiyar waƙa ta uku, kiɗan ya yanke. Na san wajen. Ni na danna jan madannin ɗaukar murya wata rana ina ƙarama, don in ga abin da zai faru. Aka ji ƙarar keken ɗinki, aka ji ya tsaya, sai muryar Baba: "Luba, me kike taɓawa a nan? Kai, yarinyar nan!" Sai rabin dariyarsa, sannan garaya ta dawo.

Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa. Ba mu da muryarsa a ko'ina sai nan.

Malama Kyalla ta gyara tabarau. "Wannan ya lalace. Ba a girma da lalataccen kaset."

"To," na ce. Ni dai haka nake, ko ƙafata aka taka "to" nake cewa, wani lokacin har in ba da haƙuri.

"Gyaran ba wuya, daƙiƙa tara ce kacal. In cinye wajen, a liƙe da jan farce, ki wuce ki girma kamar kowa. Dama ko karyawa ban yi ba."

Ta fara jawo zaren kaset ɗin da leɓe.

Sai ga mu a tsakiyar kasuwa, har da teburin. Mai garayar ya fito daga cikin kaset shan iska, tsawonsa bai wuce babban yatsa ba. Na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ni na ɓata maka waƙa. Ka yafe min."

"'Yar nan, a wajen nan kaɗai nake samu in ajiye garaya in sha ruwa. Telan nan mutumin kirki ne. Amma ni ba ma'aikacin hukuma ba ne." Ya koma ciki.

Na waiga, ashe zaren ya kai wajen. "Luba" har ta shige bakin Malama, "me kike taɓawa" tana lilo a gemunta. Na kama ɗaya gefen.

"Malama."

"Mm?"

"A'a."

Duk kasuwa ta waigo. Wata mai tumatir ta ce ita ba ta ji ba, don Allah a maimaita.

"A'a. Ki bar min shi haka."

"Za ki dawwama a shekara shida fa, ƙanwata."

"Na ji."

Ta daina tauna. Sannan ta tofo zaren, jiƙe sharkaf da yawu, ta ɗauko hatimi ta buga min a goshi.

"Me aka rubuta?" na tambaya.

"Ina zan sani? Ni akuya ce."

Na zauna kan wani buhun gero, na goge zaren da gefen hijabina, ina naɗe shi a hankali da ɗan yatsana. Can sai na ga yatsan ya daina shiga ramin, ya yi girma. Na saka a rediyo, na kunna. Keke ya tsaya. Baba ya kira sunana. Ya fara dariya, kuma wannan karon garaya ba ta katse shi ba, ya yi ta yi, tana ƙara ƙarfi, tana ƙara kauri, har ta zama injin markaɗen maƙwabta.

Na buɗe ido, gari ya waye. Ban motsa daga kan katifa ba sai da aka kashe injin.