Takardun Malam Muttaka

Wata bakwai na yi ina fama da fom ɗin wata gidauniya mai tallafa wa adana tsofaffin takardu. Ni malamar firamare ce a Kaura Namoda, ko kwamfuta ba ni da ita, a shagon Boniface nake bugawa, shi ma sai ranar da aka ga damar kawo wuta. Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba: ɗaki ɗaya a Zurmi, da kabad na ƙarfe, da na'urar ɗaukar hoton takardu, saboda rubuce-rubucen kakanmu Malam Muttaka. Akwai fiƙihu, akwai waƙoƙin ajami, akwai wasiƙunsa da malaman Shinkafi, wasu sun haura shekara ɗari. Duk suna cikin gafaka a ɗakin Baba Namadi, ƙanen mahaifina, gara na ci, yoyon rufi na jiƙawa.

Gidauniya ta amince, amma da sharaɗi: sai sun aiko wani ya ga takardun da idonsa kafin a sa hannu. Ranar da na ji, na kira Baba Namadi, na yi suɓul da baka. Na ce, "Baba, wallahi kunya nake ji baƙi su ga yadda gara ta yi kaca-kaca da su."

Ya ce, "Kwantar da hankalinki, ɗiyata. Ba ki jin kunya in sha Allahu."

Bayan wata biyu wakiliyar gidauniyar, Madam Chioma, ta iso daga Abuja, mace mai fara'a, ba ta jin Hausa ko kaɗan. Muka ɗauki shatar mota zuwa Zurmi. Kowa ya san halin da hanyar nan take ciki, direba sai waige-waige yake yi, amma ni ba daji nake tsoro ba. Tunanina ɗaya, me ya rage a cikin gafakar nan bayan ruwan bana? Ko ƙosan da na saya ban ci ba.

Muka tarar Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a, an share zaure, an shimfiɗa sabuwar tabarma. Bayan gaisuwa ya shiga ciki ya fito rungume da kaya, ya jera a gaban baƙuwa. Littattafan rubutu ne irin na 'yan makaranta, sababbi fil, guda goma sha huɗu. Na buɗe ɗaya. Hannun Baba ne, da alƙalami da tawada, layi bayan layi, tsaf.

Na ce, "Baba, ina na Malam ɗin?"

"Waɗanda sunka ruɓe? Ai na kwahe su duka, ko wasali ban bari ba. Su kuwa na yi musu sutura. Takarda mai sunan Allah ba a barin ta ƙwari na yawo bisa. Na binne su bayan masallaci, mako ukku ke nan."

Mako uku, a watan Agusta, ana ruwa kusan kullum. Na so in yi ihu, amma wa zan yi wa? Haka aka koya masa, haka ake yi da tsohuwar takarda tun kafin a haife ni, kuma ni na ce masa ina jin kunya.

Madam Chioma ta tambaye ni abin da ke faruwa, na faɗa mata da Turanci. Ta daɗe tana juya shafi. Sannan ta ce a hankali, gidauniya don ainihin tsofaffin takardu take gini, kwafi ba ya cikin ƙa'idarsu. Ta tambaya ko akwai wanda ya rage, ko da falle ɗaya ne. Na tambayi Baba, ya ce babu, ai shi ba ya aiki rabi da rabi.

Ya zuba mini ido yana jira. Idanunsa sun yi ja saboda makonnin da ya yi yana duƙe a kan rubutu, tawada ta kama yatsunsa har cikin farce.

"Rashida, mi tac ce? Hannuna bai yi kyau ba?"

Na ce, "Ya yi kyau, Baba."

Ya yi murmushi, ya gyara zama. "To madalla. Tambaye ta, yaushe za a hwara ginin?"