Tsaga a Rufin Kaka

Orval Tackett ya kasa buɗe ɗan akwatin da ya kulle wayarsa a ciki. Ga makulli a hannunsa, ga ramin makullin a gabansa, amma makullin ya ƙi shiga. Sai da mai gadin ƙofa ya karɓa ya buɗe, ya miƙo masa wayar da hannu biyu kamar mai miƙa jariri.

"Ranka ya daɗe, lafiya kuwa?"

"Sanyin ɗakin nan ne," in ji Orval.

Ɗakin kam akwai sanyi. Yana can ƙarƙashin ginin Majalisa, ba taga, ƙofarsa ta fi ta banki kauri. Nan ake kai 'yan kwamitin da ke sa ido a kan masana'antun makaman nukiliya a nuna musu abin da ba a so su sani. Ba a shiga da waya, ba a fita da takarda. Abin da mutum ya gani a kansa zai ɗauko shi, ya kuma ja bakinsa ya tsuke, in ba haka ba gidan yari na nan.

Yau hoton rufi aka nuna musu. Rufin wani tsohon gini ne a masana'antar garin su Orval, Harlow Gap, ginin da ma'aikata ke kira Kaka don ya girmi duk wanda ke shigarsa. Ƙaton gungumen simintin da ke ɗauke da rufin ya tsage, tsagar da hannu zai shige. An ɗaura raga a ƙasansa, irin ta masunta, wai ta tare abin da zai faɗo. Injiniyan da ya yi bayani ya ce gungumen zai iya kai shekara goma, zai kuma iya kasa kai Talata, duka biyun daidai ne a ilimance. Da yake hoton ya kamo gefen injin da ake narka ƙarfen bam, sai ya zama sirrin ƙasa. Tsagar ta zama sirrin ƙasa. Har ragar ma.

Sauran 'yan kwamiti tsagar suka kalla. Orval ƙusa ya kalla a jikin bango, da rigar sanyi mai ruwan ɗorawa a rataye, an yi wa gwiwar hannunta faci da koren zare. Shi ya saya wa yayarsa Verna rigar. Verna ce ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta kuma yi shekara talatin tana aiki a masana'antar, bai taɓa sanin a wane ɗaki ba sai yau.

A ɗan jirgin ƙasan da ke yawo da 'yan majalisa ta ƙarƙashin ƙasa shugaban kwamiti ya zauna kusa da shi. Lyman Prewitt ke nan, tsohon da ya girmi yawancin bama-baman da yake sa wa ido. Aljihunsa ba ya rabuwa da gyaɗa.

"Orval, ɗana, na ga fuskarka a ciki. Da ka baro ta can tare da hoton."

"Shugaba, mutane ne fa a ƙarƙashin abin nan."

"Mutane ne a ƙarƙashin komai." Ya ɓare gyaɗa ya hura ɓawon. "Jihar da ke maƙwabtaka da ku tun yaushe suke lasar baki a kan aikin nan. Ka yi tari da ƙarfi a rufe Kaka, a kwashe aikin a kai musu. Sai ka koma gida ka sayar wa fatalwowi tarakta."

Tarakta Orval ke sayarwa kafin a zaɓe shi, kuma ba a bari ya manta.

Da hantsi aka buɗe zaman da jama'a ke iya kallo. 'Yan kwamiti suna sama a jere kamar alƙalai, mai ba da bahasi yana ƙasa shi kaɗai da kofin ruwa. Dokta Whitcomb ne, shugaban kamfanin da ke riƙe wa gwamnati masana'antar, mutum mai farin haƙori da taushin murya. A gabansa akwai 'yar fitila: kore ka yi magana, ɗorawa ka tattara, ja ka yi shiru. Kowane ɗan majalisa minti biyar gare shi, tambaya da amsa duka a ciki. Akwai mutane a Washington da ba su da sana'a sai koya wa irin su Whitcomb yadda ake cinye minti biyar ɗin nan ba a bar ko ɓawo ba.

'Yan kwamitin suka yi ta shigowa ɗaya-ɗaya, daidai lokacin da kyamara za ta juyo kujerarsu. Wani ya ƙarar da nasa lokacin yana yaba kakansa da ya yi yaƙi. Wata ta yi tambaya mai zafi a kan abokan gaba na ƙetare, ta tattara jakarta ta fita kafin a amsa. Prewitt ya lumshe ido, gudumar shugabanci a hannunsa, yana sa ido.

"Ɗan majalisa mai wakiltar Harlow Gap," in ji shi, bai buɗe idon ba.

Orval ya jawo makirufo. Ba zai ce rufi ba, ba zai ce gungume ba, ba zai ce raga ba. Ya daɗe yana laluben abin da ya rage masa a cikin harshen.

"Dokta, tambaya ɗaya ce. A masana'antar garinmu, akwai ɗakin da ba za ka yarda mahaifiyarka ta yi aiki a ciki ba?"

Whitcomb ya yi murmushi kamar an ba shi kyauta. Ya gode wa mai girma ɗan majalisa da wannan muhimmiyar tambaya. Ya gode masa da hidimar da yake wa ƙasa. Ya ce shi kansa ya je Harlow Gap, ya ci burodin masara da wake a can, bai taɓa cin irinsa ba. Ya ce mahaifiyarsa, da yake an ambace ta, malamar makaranta ce, ita ta koya masa cewa lafiyar ma'aikaci tana gaba da komai.

"Dokta, akwai ko babu?"

"Yanzu zan zo kan wannan, ranka ya daɗe."

Fitila ta koma ɗorawa. Whitcomb ya kurɓi ruwa a hankali, har ana ganin maƙogwaronsa na hawa yana sauka. Ya ce batun gine-gine ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda mai girma ya sani, ba na bainar jama'a ba ne, amma zai yi matuƙar farin cikin amsawa dalla-dalla a zaman sirri na bayan azahar.

Ja. Guduma ta sauka.

Zaman sirrin bai yiwu ba. Suna kan hanyar komawa ƙarƙashin ƙasa ƙararrawa ta ɗauka a duk agogunan ginin, ana kiran kowa zaure ya jefa ƙuri'a. Wani gidan waya za a raɗa wa suna a wata jiha mai nisa. Bayansa akwai wani gidan wayar. Kafin a gama raɗa sunaye rabin 'yan kwamiti sun kama hanyar filin jirgi, don gobe Majalisa za ta tafi hutun Agusta. Aka ɗage zaman sai an dawo, cikin Satumba.

Orval ya tare Prewitt a bakin zaure.

"Shugaba, Talata nawa ke nan kafin Satumba?"

"Ban ƙirga ba, kai ma kada ka ƙirga." Tsohon ya dube shi, wannan karon da ido buɗe. "In ƙona kanka kake so ka yi, ga zaure nan. Abin da ɗan majalisa ya faɗa a tsaye a cikinsa ba kotun da za ta kama shi a kai. Amma kujerarka ta kwamiti ta tafi, ƙofar nan mai kauri ba za ta sake buɗe maka ba, mutanen garinku kuma su jefe ka da abincin bakinsu da ka zubar. Ungo gyaɗa."

Orval ya fita lambun gaban ginin, zafi kamar an kifa tukunya. Wani kurege ya tsaya a gabansa da ƙafa biyu yana jira, shi ma ya saba a ba shi kasonsa. Orval ya jefa masa gyaɗar, ya kira Verna.

"A'a, Onarabul da kansa," in ji ta. Yana jin ƙarar cokali a jikin kasko. "Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Yaya, me zai hana ki ɗauki hutu ki zo nan ki kwana biyu?"

"In zo in yi me? In kalle ka kana ɗaga hannu?"

"To ki ajiye aikin. Kin tsufa, gwiwarki na ciwo."

"Gwiwata ta gaishe ka. Saura shekara biyu in cika shekarun fansho, sai yanzu zan ajiye don auta ya yi mafarki?"

"Ko su mayar da ke ofis. Ina iya yi wa wani magana. Wani ɗakin dai, Yaya. Kowane ɗaki."

Ya ji ta ajiye cokalin.

"Auta," ta ce, muryarta ta sauka, "a waya kake. Ka san da haka ko?"

"Na sani."

"Yau sun kai ku kallon majigi ke nan."

Kuregen ya gama ya matso.

"Ni na yi rantsuwar riƙe sirrin da ka yi tun kana fitsarin kwance," in ji Verna. "Ban ce akwai wani abu ba, kai ma ba ka ce ba. Amma in da akwai, to mu muke cin abincin rana muna kallonsa, ba a hoto ba. Kullum ce mana ake mu kwantar da hankali, Majalisa na sa ido. Na ce to madalla, ƙanena ne ma idon. Yanzu da idon ya gani, me ya yi?"

"Na yi tambaya."

"Suka ce me?"

"Sun gode mini."

Ta yi dariya har da tari. Sai ta tsaya.

"Ka ji ni da kyau. Kada ka je ka yi mana jarumta. Mijin 'yata Darlene a masana'antar yake aiki, ga yara uku, ga rabin cocinmu. Ka buɗe baki su rufe, ni ce zan shiga kanti a daina gaishe ni. Ka bar mu da Kakarmu, mun san halinta."

"In ta faɗo fa?"

"Sai ka zo ka yi jawabi. Ka iya wannan. Bari in sauke, aikin yamma gare ni."

Ya daɗe a zaune bayan ta kashe. Ya yi ta ƙoƙarin tuno fuskar mijin Darlene, sai ƙeyar Verna yake gani, da furfurar da take tufkewa da roba, da abin da ke sama da ita. Ya tashi ya koma ciki.

Bayan an gama ƙuri'u akan ba kowa minti ɗaya ya faɗi abin da ya ga dama. Orval ya shiga layi. Zauren mai kujeru sama da ɗari huɗu mutum biyar ne a cikinsa: wanda aka ɗora a kujerar shugabanci yana danna waya a ƙarƙashin tebur, da matar da ke buga kowace kalma a ɗan injinta, da wani mai gadi, da ɗan majalisar da ke bayan Orval riƙe da ƙaton hoton wata tsohuwa, sai shi.

Ya faɗa. Ya ce Kaka, ya ce gungume, ya ce tsagar da hannu ke shiga, ya ce raga irin ta masunta. Ya ce shekara goma ko Talata. Muryarsa ta yi ta yawo a kan kujerun tana neman inda za ta zauna.

"Lokacin mai girma ya cika," in ji na kan kujera, bai ɗago ba.

Na bayansa ya matso ya kafa hotonsa, ya taya wata baiwar Allah murnar cika shekara ɗari, ya ce har yanzu ita ke yanke ciyawar gidanta.

Orval ya fita ya zauna a benci bakin ƙofa, ya ɗora hannuwa a gwiwa yadda duk mai zuwa zai same shi cikin sauƙi. Ya jira Prewitt. Ya jira 'yan jarida, ya jira jami'an tsaro masu baƙaƙen kwat. Mai shara ya zo ya roƙe shi ya ɗan ɗaga ƙafa. Can mai gadin zauren ya leƙo ya tambaye shi ko wani abu ya ɓace masa.

"A'a," in ji Orval.

Wayar ta motsa a aljihunsa. Saƙo ne daga Verna.

"Na gan ka a talabijin ɗin ɗakin shan shayi. Ni kaɗai ce, sauran ƙwallo suke kallo a ɗaya ɗakin. Kwalarka ta karkace. Na shiga aiki."