Abin da Inayat Ya Hango Daga Kan Turare

"A shiga ɗaka! Namiji zai hau sama! A shiga ɗaka!"

Sau uku Inayat ya rangaɗa wannan kira, ƙafarsa ɗaya a kan tsani, kamar yadda ake yi a layinsu na bayan tashar Sargodha duk lokacin da namiji zai hau inda ake hango tsakar gidan mutane. Nan da nan aka ji ƙarar silifa ta bayan katangu, matan maƙwabta suna kwashe shanya suna tsaki. Matarsa Shamim kuwa ko gezau, tana bakin murhu tana juya gurasa a kasko.

"Baban Tanwir, shekara sittin da uku fa," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "In za ka faɗo, ka faɗo ta can. Na riga na share nan."

"Allah Ya ba ki haƙuri, yau ba zan faɗo ba."

Bishiyar da zai hau ta turare ce, safeda kamar yadda suke kiranta, fara sol, doguwa har ta wuce hasumiyar masallacin layin. Inayat ya kawo ta gidan tana 'yar tsiro a cikin gwangwanin man shanu, shekara ashirin da biyu da suka wuce, lokacin yana duba tikiti a jirgin ƙasa. Da ya yi ritaya, ɗansu Tanwir kuma ya tafi aiki Karachi, sai ta zama ita ce ofishinsa. Kullum da safe sai ya zagaya ta, ya ɓare busasshen ɓawo, ya leƙa gindi ko gara ta kawo ziyara, ya murza ganye ɗaya ya shaƙa. Son bishiyar nan yake yi, ba ya kuma jin kunyar a sani.

Rigimar daga maƙwabcinsa ta taso, Alhaji Liyakat mai shagon yadi. Da zafin bana Alhaji ya gaji da ɗauke wuta, ya sayo allunan sola shida, aka kafa masa su a kan dogayen ƙarafa can saman ɗakin tattabarunsa da ke rufin bene. Wata uku yana yi wa jama'a wa'azin sola a ƙofar masallaci. Da sanyi ya shigo sai batir ya daina cika, Alhaji ya ɗaga kai ya ga turaren Inayat, shi ke nan ya samu mai laifi. Maganar ta kai gaban Liman, jiya kuwa aka yanke hukunci: yau a rage rassan da ke yi wa Alhaji inuwa. Idan har la'asar 'yar fitilar batir ba ta koma kore ba, gobe a sare bishiyar daga tushe.

Wannan ne ya sa tsoho hawa tsani. Ba don babu ma'aikaci ba, ga Ditta mai saran itace can sama tun ɗazu, ya ɗaure ƙugu da igiya, zarto na reto a bayansa. Matsalar ita ce Ditta ba ya karɓar ladan aiki, abin da ya yanke shi ne nasa, ya loda a keken jakinsa ya kai wa magina da masu gasa burodi. Mutumin da ke kallon kowane reshe yana ganin abincin darensa ba a bar shi shi kaɗai da zarto. Ai ba a ba kura ajiyar nama.

Kafin Inayat ya kai matakala ta biyar, Alhaji ya leƙo ta ƙofar gida, ya yafa bargo, Liman na biye da shi.

"Malam Inayat, da kanka? To ka sani surukaina biyu, matan 'ya'yana, suna gida. Ido a kan reshe."

"Alhaji, shekara talatin ina bin taragon mata ina karɓar tikiti, ban taɓa sanin launin mayafin kowa ba. Yau ne zan fara a gidanka? Ga Liman shaida, ƙeyata kawai gidanka zai gani."

"Mun ji, mun shaida," in ji Liman, yana hura hannuwansa saboda sanyi.

Inayat ya kai inda bishiyar ta rabu biyu, ya zauna daram, ya juya wa gidan Alhaji baya, ya jawo bokitin taɓo da kashin shanu da ya ɗaure da igiya. Daga nan ya shiga mulki.

"Ba wannan ba, Ditta! Busasshen na kusa da shi. Ka fara tsaga shi ta ƙasa, sannan ka yanka ta sama, kada ya ɗaye mata fata."

"Baba, tun ina goye nake wannan aikin."

"Shi ya sa duk bishiyoyin titin asibiti suka koma kamar an yi musu askin dole. Bar masa wuya! Kada ka shafe shi da jikin uwar, ta nan ruɓa ke shiga."

Reshe ya tafi ƙasa a hankali a bakin igiya, ƙamshin ganye ya cika unguwa. Inayat ya miƙa hannu ya shafe wurin yankan da taɓo, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin yaron da aka yi wa allura. Haka suka yi ta yi, busassu da masu gogar juna da waɗanda suka karkata gidan Alhaji. Ditta ya ɗaga kai ya dubi ƙololuwa, ya lashi leɓe.

"Baba, da mun fille kan nan gaba ɗaya, da an huta."

"Naka kan za a fille. Turaren da aka cire wa kai tofo yake yi barkatai, 'yan sirara marasa ƙwari, iskar farko ta watso su a kan mutane. Sauko nan."

Saura babban reshe guda, wanda ya bi ta saman madafar Shamim sannan ya tsallaka katanga. Shekara bakwai tana roƙon a cire shi, don ganyensa ba ya da wurin faɗawa sai cikin ƙullinta, kuma ya hana ta ganin rana duk tsawon sanyi. Shekara bakwai Inayat yana cewa sai baɗi. Yau dai babu baɗi, reshen ne ya fi kowanne yi wa Alhaji inuwa. Ya rufe ido ya ce a yanka.

Da reshen ya rabu da uwar, bishiyar ta yi wani irin girgiza. Inayat ya ji mazauninsa ya goce, ya yi salati, ya rungumo kututture da hannu biyu, jikinsa ya juya. Da ya buɗe ido sai ga shi yana fuskantar gidan Alhaji sak.

Bai ga surukai ba, Allah Ya sani. Allunan sola ya gani, su shida, rana na dukansu tar babu ko ɗigon inuwa. Sai dai ba baƙaƙe ba ne kamar ranar da aka kawo su. Farare ne fat, kamar an yi musu farar ƙasa, kashin tattabaru ya yi kauri ya bushe a kansu. Ga masu aikin nan kuwa sun fi arba'in, sun jeru a kai suna shan ɗumi, wata ma tana ƙarawa a gaban idonsa. Daga ƙasa ba a ganin komai sai cikin allunan, Alhaji kuma gwiwa ta daɗe da hana shi hawa ko kujera. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

Daɗi ya kama Inayat har ya buɗe baki zai yi ihu. Sai ya tuna da ƙeyarsa da ya yi alkawari da ita a gaban Liman. Ya yi maza ya juya.

"Ditta," ya ce da raɗa, "ka ga abin da na gani?"

"Ni? Ban ga komai ba, Baba."

"Kai da kake sama da ni!"

"A sana'armu abin da aka gani a sama, a sama ake barinsa. In na fara faɗin abin da nake hangowa, wa zai sake bari in hau masa bishiya?" Ya shafa kututturen da tafin hannu, ya ƙara da cewa, "Amma fa itacen nan zai yi katako."

Da azahar suka sauko. Matan layi suka fito da buhuna suna tsintar ganye don sirace, kowacce da mai murar da ta bari a gida. Shamim ta kawo shinkafa da miyar wake, Ditta ya cinye nasa ya taya Inayat da nasa, don hankalin maigidan ba ya kan abinci. Lissafi yake yi. In ya yi magana, bishiya ta tsira, amma kafin magariba duk Sargodha ta ji cewa Inayat mai tikiti ya hau sama ya leƙa gidan da ke da surukai, da bakinsa kuma ya faɗa. In ya yi shiru, mutunci ya tsira, gobe Ditta ya zo da babban zarto.

Bayan sallar la'asar aka ɗunguma zauren Alhaji, inda batir yake a kan benci an lulluɓe shi da kyalle mai ado. Alhaji ya yaye kyallen. Fitila ja wur.

"To, Liman, ka gani da idonka. An yi mata aski, ba ta daina ba. Tsawon ne matsalar."

Inayat ya yi gyaran murya. "Alhaji, ya tattabaru? Suna lafiya?"

"Lafiya lau. Me ya kawo maganar tattabaru?" Alhaji ya ƙanƙance ido. "Ko ka gan su ne?"

"A'a, a'a. Kukansu na ji."

"Ai dole ka ji. Tattabaruna ba sa shiga harkar kowa, ba kamar bishiyar wasu ba."

Liman ya dubi Inayat da tausayi, ya ce alkawari kaya ne, gobe da hantsi. A ƙofar gida suka tarar da Ditta ya rungume kututturen yana auna kaurinsa da hannuwa, ya ce zai taho da ƙaninsa.

Inayat ya shiga gida ya zauna a bakin gadon igiya da ke tsakar gida. Bishiyar na tsaye a kansa, ta yi sakayau, tabon taɓo a jikinta nan da can. Bai taɓa ganin ta yi kyau irin na yau ba, abin da ya ƙara ƙona masa rai ke nan. Shamim ta ajiye masa shayi, ya bar shi ya huce. Ta dube shi, ta ga idon tsohon ya kawo ruwa da gaske.

"Maman Tanwir," ya ce, "zan faɗa miki wata magana, amma ki rufa mini asiri. Ɗazu da na goce, idona ya faɗa gidan Alhaji. Wallahi ba da niyya ba."

"Ka ga kashin tattabaru."

"Ya aka yi kika sani?"

"Tun watan jiya Bilkis ta gani," in ji Shamim, tana nufin matar Alhaji. "Ta hau kujera za ta shanya barkono. Duk matan layin nan babu wadda ba ta sani ba, har matar Liman."

"Kun sani? Kuka bar mu muna ta kai ƙara? Me ya hana ki faɗa mini?"

"In faɗa maka, wa zai cire mini wancan?" Ta nuna saman madafa da ludayi. Rana ta sauko har kan murhu, ta kwanta a kan tukwane, abin da ba a gani ba shekara bakwai. "Na yi roƙo, na yi fushi, na kai ƙara wurin yayarka, ka ce baɗi. Bilkis ta ce in bar ta da Alhaji, in dai an taɓa masa sola zai yi mini aikin cikin wata guda. Ga shi kuwa."

Inayat ya rasa ko dariya zai yi ko faɗa. Abin da ya fito daga bakinsa a ƙarshe ƙaramar murya ce.

"Da sai ki bari a sare ta?"

Shamim ta ɗaga kai ta dubi bishiyar tun daga gindi har ƙololuwa, ta daɗe tana kallo.

"Wa yake ba ta ruwa duk shekarun da kake yawo a jirgi? Da ina son ta mutu, ai galan ɗin kananzir a hannuna yake kwana."

Ta taka zuwa katanga, ta ƙwanƙwasa bututun ruwa da ludayin sau uku. Can sai muryar Bilkis ta taso daga ƙetare, a sanyaye kamar ba komai.

"Alhaji, taso mu hau sama ka riƙe mini kujera. Kai, bari ma ni in riƙe maka, akwai abin da nake so ka gani."

Suka ji takun Alhaji a matakala, yana hawa yana mita da gwiwarsa. Suka ji kujera ta yi ƙara, tattabaru suka tashi fuu. Sannan wani dogon salati ya biyo baya, irin wanda ake yi idan an ga abin da ba a so a gani.

Shamim ta ɗauki kofin shayin ta juye a tukunya don ta ɗumama.

"In ya aiko neman bokiti, ka ba shi, kada ka ce komai," ta ce. "Baɗi kuma, in na ce a rage reshe, kada ka jira sai an kai ka gaban Liman."