Sunan Kaka Falalu

Ranar da na haihu, mijina Sufyan bai shawarci kowa ba ya yi wa jaririn huɗuba da sunan kakansa shi Sufyan ɗin, Falalu. Haka Sufyan yake, sai ya gama aiki yake tambaya. Shi dai abin da ya sani, kakan nan da ƙafa ya zo nan Makka, shi ke nan.

Ana jibi suna, Gwaggo Ɗaso, 'yar Falalun da ta rage a raye, ta zo gidanmu a unguwar Mansur bayan azahar. Tana jin sunan ta dire kofin shayi.

"Innalillahi! Wa ya aike ku? Ba ku san yaro kan ɗauko halin takwaransa ba?"

Nan ta fasa mana abin da ta daɗe tana rufewa. Babanta yana da ɗaki a unguwar Jarwal inda yake sauke tsofaffin alhazai, irin waɗanda suka zo su kaɗai, ba mai cigiyarsu. Sai a wayi gari ya ce sun wuce Madina. Ba inda suka wuce, kashe su yake yi. Ita da mahaifiyarta kaɗai suka sani, har ya mutu a kan gadonsa ana yabonsa.

Sufyan ya hau gardama.

"Haba Gwaggo! Mutumin da ya binne uwarsa a hanyar Sudan, ya ci ciyawa don yunwa, ya iso nan ana hantarar sa? Wahala ce ta lalata shi."

"Ƙanensa Kabo fa?" in ji ta. "Hanya ɗaya suka bi, ciyawa ɗaya suka ci. Shi ko kaza ba ya iya yankawa."

Na ce, "To mene ne, Gwaggo? Ta yaya ake ganewa?"

"Ba a ganewa, Minnatullah. In Baba ya gama yakan wanke hannu ya ɗora ni a wuya yana mini wasa. Ban taɓa ganin uba mai taushin zuciya irinsa ba."

Sufyan ya yi maza ya ce a canza suna, ai ba a yanka rago ba. Gwaggo ta ce an riga an raɗa masa a kunne.

Sai jaririn ya farka ya tsandara kuka. Nono ya kawo har ya jiƙa mini riga.

"Ɗauke shi mana," in ji Sufyan.

Wallahi ina son ɗana. Amma na tsaya a kansa ina kallon 'yan yatsunsa, hannuna ya ƙi miƙuwa.