Bakin da Ya Nemo wa Behzad Mata

A garinmu Herat, idan wani gida yana son 'yar wani gida kuma yana tsoron a koro shi, ni ake zuwa a ɗauka. Tun ina amarya aka gano bakina. Ban iya ɗinki ba, shinkafata kullum a caɓe, amma magana dai Allah ya ba ni, har uwar mijina kan ce, "Mahgul, wannan bakin naki shi zai ci da ke."

Muka iso Hamburg da Behzad yana jariri. Da ya shekara uku bai fara haɗa magana ba, malamar gidan renon yara ta kira mu ta ce harsuna biyu ne suka cakuɗe masa, a bar masa ɗaya. Mijina Sakhi kuwa, in mai ilimin boko ya yi magana, to an gama. Tun a hanya ya yanke hukunci.

"Daga yau ba yarenmu na Dari a gaban yaron nan. Jamusanci kawai."

"Baban Behzad, wane Jamusancin? Nawa ko naka? In aka haɗa su duka ba za su sayo albasa ba."

"Ki yi ta ba'a. So kike ya ƙare a wankin kwanoni kamar ni?"

Wannan ce ta kashe min baki. Aikina sharar ofisoshi ne kafin ma'aikata su iso, bokiti kuwa ba ya hira, don haka Jamusancina bai taɓa girma ba. Da 'yan kalmomi na reni ɗana: zo, kwanta, sanyi, yi hankali. Ni da ubansa sai mun rufe ƙofar ɗaki muke yarenmu ƙasa-ƙasa kamar marasa gaskiya. Daga baya wata malamar ta ce ai waccan shawarar kuskure ce, a riƙa yi wa yara yaren gida. A lokacin Behzad ya fara gemu. Na gwada, ya ce, "Mama, don Allah, ba na ganewa." Ba a daɗe ba Sakhi ya rasu, gidan ya ƙara yin tsit.

Behzad ya zama injiniya a tashar jiragen ruwa. Ya ga wata yarinya, Tahmina, 'yar mutanen Kabul, iyayenta suka ce sai mata sun zo nema kamar yadda ake yi a gida. Da na ji haka farin ciki ya hana ni zama. Na ce yau dai ga abin da na fi kowa iyawa, kuma ɗana zan yi wa.

Sai ya zo ya zauna kusa da ni, yana magana a hankali yadda ya saba yi min don in gane.

"Mama, na roƙi Anti Shakila ta yi bayani. Ke ki zauna kawai, ki yi murmushi."

"Ni magana," na ce da guntun Jamusancina. "Ni iya."

"Na sani, Mama. Amma ke ba mai son magana ba ce, ba na so a takura ki."

Da raini ne da na ji sauƙi. Tausayina yake ji. Shakila matar ƙanin ubansa ce, wadda a Herat ko gaisuwa sai ta yi in'ina, amma tana aiki a kantin magani, Jamusanci a bakinta kamar ruwa. Da ita yake hira tun yana ƙarami.

Muka je ni da Shakila. Aka kawo koren shayi da busasshen inabi. Shakila ta gyara zama ta fara lissafa takardun Behzad da motarsa da ɗakunan gidansa, sai ka ce aiki muka zo nema masa. Ina kallon fuskar uwar yarinyar, Zarghuna, tana ɗaurewa. Ta ce abin da kowace uwa ke cewa a zuwan farko.

"'Yarmu yarinya ce, karatu take yi."

Kowa ya san wannan ba kora ba ce, buɗe ciniki ne. Amma Shakila ta daɗe cikin mutanen da a'arsu a'a ce. Sai ga ta ta ɗauki jakarta za ta miƙe. Na danne mata gwiwa, na karɓi maganar.

"Zarghuna 'yar'uwata, kafin karatun nan ya ƙare haƙorana sun zube, da me zan ci alewar baikon? Shakila ta faɗa muku alherinsa, ni bari in faɗa muku aibinsa kada ku ji a waje. Yaron nan in aka ce biki ƙarfe shida, ƙarfe shida zai je ya tsaya shi da mai gadi. In kika ba shi abinci ya ce ya ƙoshi, kada ki roƙe shi, wallahi ya ƙoshin ne."

Kakar yarinyar da ke kwance a gefe ta fara ƙyaƙyatawa har da tari. Zarghuna ta rufe baki da gyale. Ni kuwa an taɓo inda ke min ƙaiƙayi, na yi ta zuba, ina jin muryata kamar ta wata tsohuwar ƙawa da na daɗe ban gani ba.

Da dariya ta lafa, Zarghuna ta ce, "'Yar'uwa, gaskiya ɗaya ce. An ce ba ya jin yarenmu. Da me zai gaida tsohuwar nan?"

"Abin da ya kawo ni ke nan. Na ratso duwatsu da shi a ƙirjina, hannuna a bakinsa kada ya yi kuka a kama mu. Muka iso lafiya, sai aka rufe nawa bakin. Ba shi nake nema wa ba, ni nake nema wa. Ku ba ni yarinyar da zan yi faɗa da ita ta gane me na ce."

Tsohuwar ta share ido ta ce a kawo. Aka fito da faranti, alewa a kai da hankici mai ado, alamar an ba mu yarinyar, abin da ba a yi a zuwan farko.

A jirgin ƙasa, a hanyar komawa gida, na yi ta jera labarin da Jamusanci a raina, yana rushewa. Na tarar da Behzad a tsaye a bakin ƙofa. Yana ganin farantin a hannuna ya rungume ni, ya zaro waya ya kira Shakila yana ta godiya. Da ya ajiye sai ya yi dariya.

"Anti akwai kirki. Wai ke kika yi komai."

A nan wani abu ya tsinke min. Na riƙe hannunsa na fara da Dari, da ƙarfi, ba tare da na rufe wata ƙofa ba. Na faɗa masa abin da na ce da abin da suka ce, da yadda tsohuwa ta yi tari, da wace ce ni a Herat. Ina yi ina kuka, ban tsaya ba sai da numfashina ya ƙare.

Ya tsaya yana kallona a tsorace. Ya ɗora hannu a goshina.

"Mama, ba ki da lafiya ne? Bari in sake kiran Anti ta faɗa min abin da kike so."