Dafaffiyar Alkamar Milutin

Duk ƙauyen nan na Shumadiya babu mai taurin kan Milutin. Ba ya fesa wa gonarsa magani, ba ya zuba takin zamani, kuma irin alkamar da ya gada wurin mahaifinsa shi yake shukawa kowace shekara. Yana son irin nan fiye da yadda yake son surukansa.

Bana burtuntuna ta shiga alkamar. Ka murza ƙwaya sai baƙin gari, ga wari kamar ruɓaɓɓen kifi. Matarsa Desanka ta yi magana har ta gaji.

"Maigida, ka wanke irin nan da ruwan tsami kafin ka shuka, yadda maƙwabta ke yi."

"Ke, alkamar babana ba kabeji ba ce da zan tsoma ta a tsami."

Haka ya shuka abinsa, bai rage ko tsaba ba sai wadda za a dafa ranar biki.

Ranar bikin Waliyyi Nikola, waliyyin gidansu, aka dafa alkamar da gyaɗa da sukari, aka ajiye bakin ƙofa, don kowane baƙo ya ɗebi cokali ɗaya saboda mamatan gidan. Limamin coci ya sa albarka, ya kai cokali baki. Idonsa ya kawo ruwa, amma ya haɗiye, bawan Allah.

"Ai ranar cin kifi ce," in ji shi. "Da alama har alkamar ta sani."

Baƙi suka bi layi suna haɗiya suna yabo. Sai ga Goggo Radojka, ƙanwar mahaifin Milutin, wadda ta tsufa har ta daina jin kunyar kowa. Ta ɗanɗana, ta tofar cikin hankici.

"Milutin, wannan ƙazantar ce ka dafa wa ruhun yayana? Ina gangar da yake wanke iri a ciki?"

"Wace ganga, Goggo?"

"Ta bayan rumbu mana, sakarai. Duk kaka sai ya jiƙa irin a ciki, kai kana can kana bin 'yan mata."

Milutin ya san gangar sarai. Kabeji yake tsimawa a ciki tun rasuwar tsohon.

Desanka ta ci gaba da raba kifi. Shi kuwa kunya da baƙin ciki suka rufe shi, ya leƙa ta taga. Alkamar ta riga ta tsiro kore shar har bakin hanya, kuma babu sauran ƙwaya ɗaya a rumbu da zai wanke.