Ruwan Zafi a Hannun Malam

Shekara talatin ina gasa wa mutane jiki a ƙauyenmu da ke gabas da Kunci. Mai jego, mai targaɗe, tsohon da sanyi ya kama wa gwiwa, duk cewa ake a nemo Furera da tukunyarta. Ban taɓa ƙona kowa ba sai mijina.

Ƙari ne ya fito wa Malam ƙasa da gwiwar hannunsa na dama. Shekarar da taki ya gagari kowa ce, gero ya yi tsadar da sai ka yi salati a kasuwa, don haka muka yi ta lallaɓawa da jiƙe-jiƙe har ƙarin ya kai girman goriba. A wani babban asibiti a Kano aka yanki kaɗan aka auna, aka ce ciwon daji ne, sai an yi aiki. Likita ya ce za su yi ƙoƙari su bar masa hannun. Kalmar ƙoƙarin nan ita ta tsaya mini a rai, domin ba mu da shanun huɗa, da hannun nan muke ci.

Ranar aikin ina can layin karɓar magani, likitan allurar kashe zafi ya kira ɗanmu Nababa, da yake shi ya sa hannu a takarda, ya yi masa dogon bayani. Kafin a fito da ubansa aka bugo masa waya cewa an yi ruwan shuka a gida, ya ruga neman mota. Abin da ya bar mini ke nan: "Inna, sun ce komai lafiya." Yaron nan tun yana ƙarami rabin aike yake kawowa.

Bayan la'asar aka turo Malam. Hannun yana nan, an naɗe shi an ɗora a kan matashi, na ƙirga yatsu biyar na gode wa Allah. Na gadon kusa da mu sai nishi yake, Malam kuwa shiru. Na ɗauka dauriya ce, don mutum ne da ko kunama ta harbe shi ba ka ji a bakinsa.

Da safe na miƙa masa kunu, sai ya ce, "Furera, ɗaga mini hannun nan."

Na ɗaga, na saki, ya faɗi yaraf kamar jiƙaƙƙen zani. Na mintsine shi, ko gezau.

"Ba na jin sa," ya ce a hankali, kada na kusa ya ji. "Tun jiya. Ina jin sun bar mini shi ne don kada in ga babu."

Haka aka fara da mahaifina, ɓarin jikinsa ya shanye, ya yi shekara shida sai an kwantar an tayar. Na dubi ma'aikatan jinya, su biyu ne kacal a kan gado ashirin, sai kai da komo suke. Kunya ta hana ni tare su. Gaskiya kuma ba kunya kaɗai ba ce, gani nake jijiyar da ta sandare aikina ce, ba sai na tambayi sa'ar 'yar cikina ba.

Na fita bakin ƙofa wurin mai shayi, ya cika mini fulas da ruwan zafi. Na juye a roba, na tsoma ɗankwalina, na taɓa da hannu na ji daidai. Hannun nawa kuwa da shi nake sauke tukunya ba tsumma. A wurin gashi, wanda ake gasa wa shi ne ma'auni: in ya ce wash, sai ka sassauta. Na danna a bayan hannun Malam, ƙasa da bandeji.

"Ka ji?"

"A'a."

Na ƙara ruwa daga fulas, ban surka ba. Ina danna ina addu'a, ina jiran ya ce wash.

"Inna! Me kike yi?"

Sista Tabita ce, mai kula da ɗakin. Ta fizge ɗankwalin, ta ja butar ruwan sanyi tana kwarara masa. Sai a lokacin na ga fatar ta yi jawur, ta fara ɗurar ruwa.

"Hannun ya mutu," na ce. "Tashinsa nake."

"Bai mutu ba, barci yake. Mu muka sa shi." Ta nuna mini ɗan tabon allura a gindin wuyansa. Ta ce ta nan jijiyoyin hannu suka bi, likita ya duba su da na'ura ya zuba magani kewaye da su, don kada zafin yanka ya iso gare shi, kada kuma a yi ta ɗura masa magungunan da ke sa amai da maye. Wani sa'in sai ya kusa kwana ɗaya cur kafin ya sake. "An gaya wa ɗanku a kiyaye shi da wuta da ruwan zafi, don ko ya ƙone ba zai sani ba. Yanzu ga sabon ciwo kusa da wurin aiki, sai mun sa ido kada ya ruɓe."

Ta wanke, ta shafa magani, ta naɗe, ta ba shi ƙwayoyi ya sha tun zafin bai dawo ba. Ba ta ƙara yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da na fi jin sauƙi.

Na zauna a ƙasa na zuba wa yatsun ido. Rabina ya yarda da ita, rabina yana cewa lallashi ne irin na asibiti. Hantsi ya wuce, rana ta take, babu abin da ya motsa. Malam ya juyar da kai bango, ni kuma tsoro biyu ne a cikina, na hannun da bai tashi ba da na ɓarnar da na yi masa.

Ana kiran azahar na ga babban yatsansa ya ɗan harba. Ya yamutsa fuska, ya ja iska ta haƙori.

"Wash!"

Na miƙe zumbur. "Wurin aikin ne, Malam?"

"A'a, bayan hannu." Ya juyo ya dube ni, idonsa cike da ƙwalla. "Furera, kin ƙona ni."

Na durƙusa bakin gadon na fashe da kuka a gaban maza ashirin. Ina kukan na ji an kama gefen mayafina, riƙo mara ƙarfi, da yatsu biyu.